Fiyanon da Bai San Sassauci Ba

Bayan girbin bara mun je ɗaurin auren ƙanwarmu a Mabai, cikin ƙaramar hukumar Ƙanƙara. An ɗaura aure da hantsi, aka ci abinci bayan azahar, kafin la'asar sakaliya kowa ya fara neman babur ɗin da zai mayar da shi gida, don a yankinmu yanzu ba mai son magariba ta riske shi a hanya. A 'yan awannin da ke tsakani ne aka yi shagalin. Wani saurayi ya jingina lasifika biyu da katangar ƙofar gida, ya tayar da ɗan janareta, ya jona wayarsa. Waƙa ta yi ta bin waƙa, ta amarya, ta soyayya, ta siyasa, duk kiɗan fiyano.

A gindin dalbejiya akwai wani dattijo da muka taso muna ganinsa da kalangu a hammata, ranar kasuwa wajen mahauta, da daddare kuma a dandali. Muka durƙusa muka gaishe shi.

"Baba, yau ba a fito da kalangun ba?"

"Samari, wa zai ji shi a cikin wannan?" Ya ɗan yi shiru yana kallon lasifikar. "Ni ba ƙarar ce ta dame ni ba. Tun ɗazu nake saurare, ban ji inda makaɗin nan ya sassauta hannu ba ko sau ɗaya. Shi ba ya gajiya ne?"

Muka yi dariya, muka ce masa ai inji ne. Sai da muka koma bakin aikinmu na rubuta manhajar kwamfuta muka gane cewa tsohon nan ya yi wa kiɗan fiyano sharhin da ya fi duk wanda muka taɓa karantawa, kuma ya taɓo abin da sunan kayan kiɗan kansa yake nufi, ba tare da ya sani ba.

Kalmar fiyano daga Italiyanci ta samo asali. Wajen shekarar 1700, wani maƙerin kayan kiɗa mai suna Bartolomeo Cristofori, wanda ke aiki a gidan sarautar Medici a birnin Florence, ya ƙera wani sabon abu. Kafin shi, babban kayan kiɗan maɓallai na fadojin Turai yana tsinkar tsirkiya ne kamar yadda ake tsinkar ta molo, kuma ko ka danna maɓalli da ƙarfi ko ka shafa shi, ƙarar kusan ɗaya ce. Cristofori ya sa 'yan ƙananan guduma da ke bugun tsirkiyar su koma baya nan take. In ka taɓa a hankali sauti ya fito a hankali, in ka danna da ƙarfi ya fito da ƙarfi. Daga nan aka yi wa abin suna da kalmomi biyu, piano da forte, wato a hankali da kuma da ƙarfi. Da tafiya ta yi nisa sai rabin farko na sunan ya rage. Uku daga cikin waɗanda ya ƙera suna nan har yau, na 1720 a New York, na 1722 a Rum, na 1726 a Leipzig ta Jamus. Ashe abin da muke kira fiyano sunansa na yanka “a hankali”, kuma dalilin ƙera shi tun farko shi ne a bai wa hannun makaɗi damar sassautawa.

Daga baya abin ya yi girma ya yi nauyi. A 1825 Alpheus Babcock ya yi rajistar firam ɗin ƙarfe a Boston, wanda ya ba da damar a ɗaure tsirkiyoyi tamau, sauti ya cika babban zaure. Kamfanin Steinway ya buɗe a New York a 1853. Fiyano na yau yana da maɓallai 88, farare 52 da baƙaƙe 36, da tsirkiyoyin ƙarfe fiye da 200. Afirka ma ta biya nata kuɗin a wannan tarihi, domin shekaru da yawa da hauren giwa ake lulluɓe fararen maɓallan, ana kwasar sa daga gabashin Afirka ta Zanzibar zuwa masana'antun Turai da Amurka, har aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe a 1989.

Wannan katafaren akwati na katako da ƙarfe bai taɓa zama ɗan gida a ƙasar Hausa ba. Yana da tsada, ɗaukarsa sai ƙarti, bushewar hunturu tana tsaga katako, kuma yana buƙatar gwani ya riƙa zuwa yana daidaita tsirkiyoyinsa. Wanda ya shigo mana ɗan'uwansa ne na lantarki daga Japan. Kamfanin Yamaha, wanda Torakusu Yamaha ya kafa a 1887 a garin Hamamatsu, ya ƙera fiyanonsa na farko a 1900, amma abin da ya iso Kano shi ne jerin PSR, allon roba mara nauyi da mutum ɗaya zai saɓa a kafaɗa. Casio ma ta fito da nata, Casiotone, a 1980. Babu tsirkiya a cikinsu, babu guduma. Akwai muryoyin kayan kiɗa da aka adana, da kiɗan ganguna da aka riga aka shirya, kana danna maɓalli ɗaya ya kama bugawa har ka gaji.

A tsakiyar shekarun 1990 sutudiyoyin Kano, irin na Iyan-Tama, suka rungumi Yamaha don yi wa finafinai kiɗa. Fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki, shi ya nuna wa kowa cewa waƙar fiyano ita kaɗai za ta iya sayar da fim. Daga nan aka samu abin da ake kira waƙoƙin nanaye, namiji da mace suna karɓa wa juna, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya daɗe yana nazari a kansu. A daidai wannan tsakanin ne, ranar 18 ga Yuni 1999, Allah ya yi wa Alhaji Mamman Shata rasuwa. Cikin 'yan shekaru fiyano ya shiga ko'ina, waƙar biki, waƙar siyasa, tallar magani, har sha'irai da dama suka jingine mandiri suka nufi sutudiyo.

Kafin mu fara ƙorafi, ya kamata mu faɗi alherin da ya zo da shi, don na gaskiya ne. A da kiɗa gado ne. In ba gidan makaɗa ka fito ba, shiga harkar abin kunya ne ga danginka, kuma an san Shata kansa sai da ya sha fama da mahaifinsa a kan waƙa. Ko ka samu izini, sai ka tara makaɗa da 'yan amshi, ka ciyar da su, ka ɗauki nauyin tafiyarsu. Fiyano ya rushe wannan shinge. Yaron da ke da baiti a ka da ɗan kuɗin sutudiyo zai iya fita da waƙa a wuni ɗaya. Mata irin su Fati Nijar da Maryam A. Baba sun samu fage, muryoyinsu suka shiga kowane gida. Dubban matasa suna cin abinci a wannan sana'a, daga mai kiɗa zuwa mai tura waƙa a waya a bakin kasuwa. Duk wanda ya ce a koma kalangu zalla, sai ya faɗa mana inda zai kai waɗannan mutane.

Abin da muke tuhuma shi ne yadda ake kaɗa shi. Mun saurari waƙoƙi masu yawa da kunnen da Baba ya ara mana, muka ga abubuwa uku sun ɓace, kuma ba wanda na'urar ta tilasta mana zubar da shi.

Na farko shi ne wanda ya faɗa, sassauci. A 1983 kamfanonin kayan kiɗa suka amince da wani yare da na'urorinsu za su riƙa magana da juna, ana ce masa MIDI. A wannan yare, duk sautin da aka danna yana tafiya da lambar da ke nuna ƙarfin bugunsa, har zuwa 127. Wato na'urar ta tanadi matakai fiye da ɗari tsakanin raɗa da tsawa. Amma ƙananan fiyano masu araha da yawa ba sa jin nauyin yatsa, kuma yau mafi yawan kiɗan ma ba a kan allo ake yinsa ba. A kwamfuta ake zana shi, cikin manhaja irin FL Studio, inda mai kiɗa ke ɗora sautuka ɗaya bayan ɗaya da linzami. Duk sautin da ya ɗora da ƙarfi ɗaya yake sauka, sai in ya koma ya gyara kowanne da hannu. Kaɗan ne ke komawa, don akwai mawaƙa uku a waje suna jiran layi. A ƙarshe kuma a matse waƙar gaba ɗaya don ta yi ƙara a lasifikar waya. Abin da ke fitowa shi ne kiɗan da ya fara a sama ya ƙare a sama. Ku saurari Bakandamiyar Shata ku ji bambanci. Akwai inda kalangai ke ja da baya har ka ji kamar sun tafi, don maganar da zai faɗa ta samu wuri, sannan su dawo su rufe ta. A kiɗan ƙwaryar Barmani Choge ta Funtuwa ma haka ne, hannun matan yana nauyi yana sauƙi gwargwadon zafin maganar.

Na biyu ya shafi harshenmu kai tsaye. Hausa harshe ne mai karin sauti. Da hawa da saukar murya muke bambanta wuyan da ke ɗauke da kai da wuyar da ake sha, da shi muke raba kukan hawaye da kukar miya. Kalangu yana magana ne saboda makaɗi na matse tsarkiyarsa a hammata, fata ta ɗaure, sauti ya hau, ya saki ya sauko, kuma yana iya zamewa daga wannan zuwa wancan ba tare da ya yanke ba. Shi ya sa mahauci ke jin takensa daga nesa ya san da shi ake. Goge da kukuma ma haka suke, yatsa na zamewa a kan izga. Fiyano kuwa matakala ce. Turawa sun raba tazarar da ke tsakanin sauti da takwaransa mai ninkinsa gida 12 daidai wa daida, kowane mataki ya fi na ƙasansa da kusan kashi 6 cikin 100, aka kuma tsayar da sauti ɗaya a kan girgiza 440 a daƙiƙa don kowa ya daidaita da shi. Tsakanin maɓalli da maɓalli babu komai. Waƙoƙinmu na gargajiya galibi a kan sautuka biyar suke tafiya, shi ya sa suke hawa fiyano cikin sauƙi har a ɗauka sun dace. Sai dai biyar ɗin mai gurmi ba lallai su faɗa daidai kan biyar ɗin Yamaha ba, kuma ɗan wannan bambanci yana cikin abin da ke sa ka gane gurmin Haruna Uji tun kafin ya buɗe baki. Da manhajar Auto-Tune ta zo, wadda ta fito a 1997 kuma ta mamaye sutudiyoyinmu daga baya, sai aka koma jan muryar mawaƙin ita ma zuwa kan matakalar. In an tsananta ta, duk wani lanƙwasa da murya ta yi sai a miƙe shi. Mun sha jin baitin da sai mun yi amfani da ma'anar jimla kafin mu gane kalmar da ake nufi, saboda karin waƙar ya hau a inda harshe ya sauka.

Na uku shi ne lokaci, kuma a nan ne aka juya al'amarin gaba ɗaya. A wajen Shata, ko Ɗanƙwairo da kotsonsa, makaɗi ne ke bin mawaƙi. In wani mai kyauta ya shigo fili, mawaƙi zai tsaya a kansa, makaɗa su jira shi, 'yan amshi su riƙe masa wuri. In magana ta yi tsawo kiɗa ya buɗe mata. A sutudiyo kiɗa ake fara yi, a kan jadawalin da kwamfuta ta yanka daidai, a maimaita guntu ɗaya daga farko har ƙarshe, sannan a kira mawaƙi ya zuba baitinsa a ciki. In baitin ya fi ramin tsawo sai a datse shi, in bai kai ba a cike da amshi. Mawaƙi ya koma yaron kiɗa. Ga wanda ya san cewa a waƙar Hausa magana ce sarauniya, kiɗa kuma ɗan rakiya, wannan ba ƙaramin sauyi ba ne.

Mu ɗauki misalai, don kada a ce muna jifa a duhu. Dauda Kahutu Rarara ɗan ƙaramar hukumar Ɗanja ne, maƙwabcinmu, kuma ko mutum yana son siyasarsa ko ba ya so, a fagen jero sunaye da habaici da saurin kama abin da ke bakin jama'a yana cikin waɗanda suka fi kusa da tsofaffin mawaƙan fili. Amma ku saurari doguwar waƙarsa ku lura da abin da ke ƙarƙashin muryar. Ya yi yabo, ya yi zambo, ya yi addu'a, kiɗan yana nan yadda ya faro, bai san an canza magana ba. Da kalangu ne a bayansa, da zambon ya samu wani irin duka, addu'ar ta samu wani. Jarumar Hamisu Breaker, wadda ta cika gidaje a 2020 lokacin kullen korona, ta nuna ɗaya ɓangaren. Abin da ya sa ta shiga zuciya, a jinmu, shi ne ta rage gudu ta bar wa murya fili, kuma mutane suka yi tururuwa a kanta kamar masu jin ƙishi. Aminu Ala kuwa ya daɗe da gane cewa kalmominsa ne jarinsa, shi ya sa a waƙoƙinsa masu kyau kiɗan ke zama a baya kamar bara mai ladabi. Duk da haka, ko a wajensa, sau da yawa ladabin na rage ƙara ne kawai. Kiɗan ya yi ƙasa da murya, amma ba ya amsa mata.

Wanda ya fi ba mu mamaki ba a Kano yake ba. Mamman Sani na Nijar ya samu wata ogan ta lantarki ƙirar Italiya a shekarun 1970, ya ɗauki kaset a gidan rediyon ƙasar a Yamai a 1978. Shekaru da dama ana sa kiɗansa a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin na Nijar, kafin kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi ga duniya a 2013. Na'urarsa ba ta kai ko kusa da wadda ke cikin ƙaramin sutudiyon Funtuwa a yau ba. Amma ya ɗauko karin waƙoƙin makiyaya da na mutanen sahara ya zauna da su, ya bar sauti ɗaya ya daɗe har ya gama faɗin abin da ke bakinsa, ya bar shiru a inda ya kamata. In ka saurare shi ba ka jin Italiya. Wannan ya isa hujja cewa laifin ba na roba da waya ba ne.

Sauran al'ummomi ma sun gamu da wannan matakala, kuma ba su miƙa wuya ba. A Indiya, gidan rediyon ƙasar ya hana sa harmoniya, wata 'yar akwatin maɓallai mai aiki da iska, daga 1940 har 1971, saboda masana kiɗansu sun ce ba ta iya zamewa tsakanin sautuka yadda waƙarsu ke buƙata. Mu da muka kwaikwayi finafinan Indiya a abubuwa da yawa, wannan gardamar tasu ba mu ɗauko ta ba. Larabawa kuma suna da sautukan da ke faɗawa a tsakiyar maɓalli biyu. Wani ɗan Labanan, Abdallah Chahine, ya sa aka ƙera masa fiyano mai iya fitar da su, kuma daga baya kasuwarsu ta sa Yamaha da takwarorinta suka riƙa fitar da samfuri na musamman mai maɓallan sauya sauti, da muryoyin kayan kiɗan Larabawa a ciki. A kudancin ƙasar nan, marigayi Akin Euba ya yi shekaru yana koyar da cewa a kaɗa fiyano kamar ganga, Joshua Uzoigwe kuma ya rubuta kiɗan fiyano da ya sa wa suna ganguna masu magana. A Jamaika, a 1985, wani kiɗa da aka tsinta a cikin ƙaramar Casio MT-40 ya zama Sleng Teng, ya canza reggae gaba ɗaya, domin sun ɗauki abin da kamfani ya saka suka murɗa shi har ya zama nasu. Mu kuwa mun kusa shekara talatin da fiyano, kuma har yanzu in mai kiɗa yana son kalangu, sau da yawa wata ganga ta wata ƙasa yake nema a cikin jerin, wadda ta ɗan yi kama, ko ya ɗauki bugu ɗaya na kalangu ya yi ta maimaitawa. Bugu ɗaya ba ya magana.

Me ya sa wannan ya dame mu yanzu, har muka ɗauko shi daga bikin ƙauye? Saboda a Kano ko Katsina, in fiyano ya gaza, akwai sauran inda za a je a ji na ainihi. A Mabai da ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, wurin da ake koyon kiɗa shi ne ke mutuwa. Kiɗan kalangu na 'yan mata da daddare ake yinsa a dandali. Gangar noma sai an yi gayya a gona mai nisa. Duk wanda ya san yankin ya san abin da ya faru da dare da kuma gona mai nisa. Duniya ta ji sunan Ƙanƙara a Disambar 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya, amma mu mun san cewa kafin nan da bayan nan garuruwa da yawa sun daina kwana da ido biyu rufe. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da namu uku, sai bayan watanni aka dawo da su. A watannin nan abin da ke cikin memori shi ne kaɗai kiɗan da ya rage wa matasa, ana tura wa juna daga waya zuwa waya. Yaron da aka haifa a Mabai shekara goma da suka wuce zai iya girma bai taɓa tsayawa kusa da makaɗi yana aiki ba. Kunnensa gaba ɗaya a sutudiyo aka gina shi. In kiɗan sutudiyo bai san sassauci ba, bai san zamewa ba, bai san jiran magana ba, to yaron ma ba zai san ana yinsu ba, balle ya nema.

A nan ne laifin ya dawo kanmu, mu masu aikin kwamfuta. A sana'armu mun san ƙarfin saitin da na'ura ke zuwa da shi daga kamfani. Mafi yawan mutane ba sa taɓa shi, kuma ba wauta ba ce, lokaci ne ba su da shi. Saboda haka wanda ya zaɓi saitin farko shi ya zaɓa wa miliyoyi. Injiniyan Hamamatsu bai san Mabai ba, kuma ba mu ga laifinsa ba. Amma kayan gyaran suna nan a buɗe. MIDI tana da hanyar lanƙwasa sauti mai matakai 16,384, wadda ta ishi kowace irin zamewar kalangu. Fiyano masu matsakaicin kuɗi da yawa suna barin a ɗan ɗaga ko a sauke kowane sauti daga inda kamfani ya ajiye shi. Manhajojin da ake aiki da su suna karɓar muryoyin da mutum ya ɗauka da kansa, suna kuma barin a kashe jadawali a bi numfashin mawaƙi. Abin da babu shi ne wanda zai zauna ya yi aikin: ya je wurin masu kalangu da kotso da gurmi da goge tun suna raye, ya ɗauki kowane bugu a hankali da ƙarfi, a matse da sake, ya auna sautukan gurmi yadda suke a hannun mai shi, ya haɗa su a kundi ɗaya da mai kiɗa a Funtuwa zai buɗe ya samu a shirye. A biya makaɗan, a rubuta sunayensu a jiki. Mun ƙirga abin da aikin zai ci a ƙauye ɗaya, bai kai kuɗin wayar da yawancinmu ke riƙe da ita ba. Mun yi shekaru muna rubuta wa wasu manhajar kasuwanci, ba mu taɓa tunanin wannan ba sai da tsoho ya yi mana tambaya.

Akwai kuma batun koyarwa. Yaron sutudiyo a yau yana koyo ne ta kallon maigidansa, kamar yadda ɗan makaɗi ke yi a da, sai dai abin da yake gado shi ne inda ake danna kaza a samu kaza. Ba ma cewa sai ya iya karatun kiɗa irin na Turawa. Muna cewa duk mai son ya zama makaɗin fiyano na Hausa ya yi ko da wata uku yana ɗaukar wa mai kalangu kaya, ya ga yadda ake kallon bakin mawaƙi kafin a sauke hannu. Mawaƙan da ke da hali kuma, waɗanda ake biya miliyoyi a lokacin zaɓe, ba abin da zai hana su sa makaɗi mai rai a gefen fiyano, su shiga ɗauka tare, su bar shi ya ja kiɗan inda magana ta nufa. Masu saurare ma da namu. Mu ne muke tura waƙa, mu ne muke cewa a ƙara ƙara.

Kafin mu bar Mabai ran nan, man janareta ya ƙare ana tsakiyar waƙa. Wuri ya yi tsit na ɗan lokaci, sai ga muryoyin mata daga cikin gida, ashe tun ɗazu suna ta tasu waƙar da tafi da ƙwarya, lasifika ce ta danne su. Baba ya ɗaga kai ya saurara, yatsunsa suna motsi a kan gwiwarsa, yana bin su. Mun roƙe shi in mun dawo da na'urar ɗaukar sauti zai kaɗa mana. Ya ce fatar kalangun ta bushe, sai an sake ta, kuma mai yi masa wannan aikin ya yi ƙaura zuwa Funtuwa tun shekara biyu.

"Amma in kun zo da wuri, samari, za mu san yadda za a yi."

Mun sa ranar bayan sallah ƙarama, in Allah ya kai mu kuma hanya ta yi kyau.